Sallama ko Kaso? Tsare-tsaren Biyan Ɗan Wasa Guda Biyar Idan Ƙaramin Fim Ya Yi Kasuwa

Kwanakin baya wani matashi ɗan unguwarmu a Tudun Wada, wanda ya fara fitowa a finafinai masu dogon zango da ake sakawa a YouTube, ya same ni da maganar da ta hana shi barci. An ba shi babban matsayi a wani ƙaramin fim da za a ɗauka tsakanin Rigasa da Kawo, kuma furodusan ya ce masa ya zaɓa: ko a sallame shi gaba ɗaya ranar da aka tashi daga lokeshin, ko ya haƙura da kuɗin hannu a ba shi kaso idan fim ya yi kasuwa. "Yaya," in ji shi, "idan na karɓi kuɗi fim ɗin ya karɓu, na cuci kaina, idan kuma na jira kaso fim ɗin ya kwanta, na yi wahalar banza."

Kaduna ta daɗe da sanin wasan kwaikwayo, domin a nan marigayi Kasimu Yero da marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, suka yi tashensu. Sai dai wasanninsu a gidan rediyo da talabijin na gwamnati suke fitowa, inda babu lissafin yawan masu kallo da ake juyawa zuwa dala. Yau fim ɗin da aka haɗa da kyamara ɗaya a gidan aro yana iya samun masu kallo daga Maraɗi har Jidda, shi kuwa wanda fuskarsa ta jawo su ya riga ya kashe sallamarsa tun kafin a gama tace fim ɗin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A watan Fabrairun 2022 ma an sha muhawara bayan hirar da BBC Hausa ta yi da dattijuwar 'yar wasan Hausa Ladin Cima, inda ta ce 'yan dubbai kaɗan ake ba ta a fim, wasu masu shirya finafinai kuma suka fito suka ce sun biya ta fiye da haka. Abin da ya fi jan hankalina a wannan taƙaddama shi ne yadda ta kasance magana a kan magana, kowa da abin da yake tunawa. Matsalar ba ta tsaya a kanmu ba. Fim ɗin The Blair Witch Project na Amurka, wanda aka ɗauka da kuɗin da bai kai dala dubu 100 ba ya fito a 1999, ya tara kusan dala miliyan 250, amma a 2024 manyan 'yan wasansa uku suka fito fili suna neman a biya su haƙƙin da suke ganin an hana su.

Ma'aunan da za a duba

Kafin a auna kowane tsari, dole a san ta inda kuɗi ke shigowa. Zamanin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano suke sayen fim su buga faifai ya wuce, satar fasaha da masu tura fim a waya sun gama da shi. Yanzu ƙaramin fim yana cin abinci ne daga tallan YouTube, daga kamfanonin da ke ɗaukar nauyin shiri a saka hajarsu a ciki, daga sayar wa tashar talabijin irin Arewa24 ko manhajar kallo irin Northflix, jefi-jefi kuma daga sinima. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da tasha sai ta cika sharuɗɗa, waɗanda suka haɗa da mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 a cikin watanni 12. Yana ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan dogayen bidiyo, ba ya turo kuɗi sai sun kai dala 100, kuma duk abin da ya turo asusun mai tasha yake faɗawa, ba na ɗan wasa ba.

Ma'aunai biyar ne nake ganin sun isa. Na farko, tabbacin abin da zai shiga aljihu da ranar da zai shiga. Na biyu, rabon ɗan wasa idan fim ya wuce zato. Na uku, ko ɗan wasa zai iya ganin lissafin da idonsa, ko kuwa sai abin da aka gaya masa. Na huɗu, ɗorewa, wato ko tsarin yana bin fim zuwa duk kasuwar da ya shiga, kuma ko yana jure faɗuwar darajar naira. Na biyar, sauƙin ƙullawa da haɗarin ɓata zumunci, domin harkar nan ta ubangida da yaro ce, kuma wanda ya cika tambayar lissafi yana iya wayar gari an daina kiransa. A cikin biyar ɗin na uku ya fi nauyi a wajena, kuma shi ne aka fi mantawa da shi ranar da ake cikin murnar samun aiki.

Domin kwatance, mu ƙaddara fim ne da aka kashe wa naira miliyan 3. Idan ya karɓu ya kawo miliyan 20 a shekara, idan ya kwanta ya kawo miliyan 2. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai na sauƙaƙa lissafi.

Sallama kai tsaye

Wannan ita ce jinga: a yi ciniki a kan kwana, ko yawan fitowa, ko fim ɗin gaba ɗaya, a ba da kafin alƙalami, a cika ranar tashi. Ta fi kowane tsari tabbaci da sauƙi, ba ta buƙatar akanta, kuma ta dace da hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Duk haɗarin yana wuyan furodusa, kuma adalci ne a faɗi cewa yawancin ƙananan finafinai ba sa zama abin labari, don haka mai cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki bai yi wauta ba. Rauninta ɗaya ne, amma babba. Idan aka sallami jarumi da naira 150,000 fim ya kawo miliyan 20, rabonsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma ko fim ɗin ya shekara goma ana kallonsa babu sauran abin da zai biyo baya sai ihisani, idan maigida ya ga dama. Hanyar da mai sallama ke cin moriyar nasara ita ce ɗaga farashinsa a aiki na gaba. Wannan yana yiwuwa ga jarumin da aka gina labari a kansa, amma dattijuwar da ke fitowa uwa a fage biyu ba kasafai nasarar fim ke ƙara mata ko sisi ba.

Biya bayan fim ya fita

Ba zan daɗe a kan wannan ba, domin ya tattara raunin sauran ya bar amfaninsu. An yanka adadi kamar jinga, amma an ce sai fim ya fita. Ɗan wasa ya ba da bashin guminsa ba tare da riba ba, kuma idan fim ya yi kasuwa adadin nan ba ya ƙaruwa. Wanda aka yi wa alƙawarin naira 200,000 a farkon 2023, lokacin da dala a farashin gwamnati take wajen naira 460, aka biya shi a 2024 bayan ta haura 1,500, ya san abin da jira ya ci masa. Idan babu makawa, a rubuta ranar biya ta kalanda, ba ranar fitowar fim ba, domin akwai finafinan da har yau suna kwance a kwamfutar edita.

Kaso daga riba

Nan ne baki ya fi zaƙi, nan ne kuma aka fi kuka. Furodusa ya ce zai ba da kashi 10 cikin 100 na riba. A lissafin gaskiya, miliyan 20 a cire miliyan 3 saura 17, rabon jarumi miliyan 1 da dubu 700, ya ninka sallama fiye da sau goma. Amma riba ita ce abin da ya rage bayan an cire ɗawainiya, kuma wanda zai biya kason shi ne mai rubuta ɗawainiyar. Sai a ga takarda ta zo da miliyan 3 na aiki, miliyan 2 na talla, miliyan 2 da rabi ladan furodusa, miliyan 2 da rabi hayar kyamara da ofis waɗanda dama na kamfaninsa ne, miliyan 4 rabon wanda ya zuba jari, da miliyan 5 na asarar fim ɗin baya wanda jarumin ko fitowa bai yi a ciki ba. An tashi da miliyan 19, riba ta koma miliyan 1, kashi 10 ya zama naira 100,000, ƙasa da abin da zai karɓa a hannu tun ranar farko. Abin lura shi ne ba lallai a samu ƙarya ko ɗaya a takardar ba. Kowane layi yana da hujjarsa, sai dai ba a yi yarjejeniya a kansa ba tun farko.

Manyan kamfanoni ma sun san wannan hanya. Fim ɗin Forrest Gump na 1994 ya tara fiye da dala miliyan 600. Marubucin littafin da aka gina fim ɗin a kai, Winston Groom, yana da kashi 3 cikin 100 na riba, amma lissafin kamfanin ya nuna ba a ci riba ba. Jarumin fim ɗin, Tom Hanks, wanda kasonsa ya rataya a kan kuɗin shiga, ya samu miliyoyi masu yawa. Fim ɗaya, mutum biyu, kowa da kaso, bambancin kawai rijiyar da aka ce kowannensu zai ɗiba.

Kaso daga riba ba ya da tabbaci, lissafinsa a ɓoye yake, kuma shi ne ya fi raba abokai. Ana iya gyara shi idan aka rubuta jerin abubuwan da za a cire da iyakar kowannensu, aka haramta ɗora wa fim asarar wani fim, aka kuma ba ɗan wasa damar ganin rasit. In ba haka ba cinikin biri ne a sama. Akwai kuma wani gefe da bai kamata a tsallake ba: malaman fiƙihu sun sharɗanta a san adadin lada a cikin ijara, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada, saboda haka wanda zai yi aiki a kan kaso zalla, ba tare da wani sanannen adadi ba, yana da kyau ya kai wa malaminsa yarjejeniyar ya duba.

Kaso daga kuɗin shiga

A nan ba a jiran a cire komai, duk naira da ta shigo da sunan fim ɗan wasa yana da ɗan yankinsa. Kason yakan zama ƙarami, amma ƙaramin da ake gani ya fi babban da ake ji. Kashi 3 cikin 100 na miliyan 20 naira 600,000 ne, idan kuma fim ya kwanta a miliyan 2 ya tashi da 60,000, wato bai fita hannu rabbana ba. Ta fuskar ɗorewa babu kamarsa, domin kuɗin YouTube da dala ake lissafa su, don haka kason yana tashi tare da canji maimakon ya narke.

Ganin lissafi a wannan tsari abu ne mai yiwuwa, kuma mutane da yawa ba su san haka ba. Manhajar YouTube Studio tana ba mai tasha damar ƙara wani a matsayin mai dubawa kawai, ya ga kuɗin da kowane bidiyo ya kawo ba tare da ya iya goge ko canza komai ba. Akwai kuma wani matakin dubawa da ke ɓoye kuɗin, don haka a fayyace wanne ake nufi. Furodusan da ya yarda da kaso amma ya ƙi wannan, ya riga ya ba da amsa. Kuɗin da ba ya bi ta YouTube kuwa, kamar na masu ɗaukar nauyi da na sayar wa talabijin, sai an ambace su ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa su ne tsoka.

Dole kuma a yi wa furodusa adalci. Idan 'yan wasa goma kowa ya ce kashi 3, an kwashe kashi 30 kafin mutumin da ya sayar da filinsa ko ya ci bashi ya ga uwar kuɗinsa, ga marubuci, ga mai ɗaukar hoto, ga mai sauti da mai kwalliya, waɗanda su ma guminsu na ciki. Mafita ita ce a ware tukunya ɗaya, misali kashi 15, a raba wa duk ma'aikata gwargwadon kwanakin aiki da nauyin matsayi. Wahalarsa ita ce tura wa mutum ashirin kuɗi duk wata na tsawon shekaru, shi ya sa biya duk wata uku, da iyakar shekaru uku ko biyar, ya fi kusa da abin da ƙaramin kamfani zai iya riƙewa.

Sallama da ƙari bisa mataki

Tsari na biyar ya haɗa biyu: a rage sallama kaɗan a biya ta a hannu, sannan a rubuta ƙarin da zai biyo baya idan fim ya taka wani mataki. Misali naira 100,000 ranar tashi, sai kashi 2 cikin 100 na duk abin da ya shigo bayan an mayar da miliyan 3 da aka ambata a takarda. Idan fim ya karɓu jarumi ya tashi da 440,000, idan ya kwanta yana da 100,000. Furodusa bai biya ƙari ba sai da ya ga jarinsa, ɗan wasa kuma bai jingina cefanen gidansa da sa'a ba. Lura da cewa adadin jarin an rubuta shi tun farko, wannan ne ya raba shi da kaso daga riba.

Ana kuma iya ɗaura ƙarin a kan yawan kallo, a ce duk miliyan ɗaya da aka ƙara akwai adadi kaza. Daɗinsa shi ne lambar tana ƙarƙashin bidiyo, kowa da wayarsa zai gani, babu buƙatar roƙon a buɗe littafi. Amma kallo ba kuɗi ba ne kai tsaye: talla ga mai kallo a Ingila ko Saudiyya ya fi tsada a kan na mai kallo a Kaduna ko Damagaram, saboda haka bidiyo biyu masu kallo iri ɗaya suna iya kawo kuɗi mabambanta, kuma adadin da aka yanka ya kamata ya yi la'akari da haka don kada a karya furodusa. A rubuta kuma cewa lissafin yana bin fim duk tashar da aka mayar da shi, domin sauke bidiyo a sake ɗora shi yana mayar da lambar sifili. Irin wannan tunani ne ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta kai ga samu bayan yajin aikin kwana 118 a 2023, inda aka amince da ƙarin kuɗi ga shirin da kashi 20 cikin 100 na masu rajistar manhaja a ƙasar suka kalla a kwana 90 na farko.

| Tsari | Idan fim ya kawo miliyan 20 | Idan ya kawo miliyan 2 | Ganin lissafi | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Sallama kai tsaye | 150,000 | 150,000 | Ba a buƙata | Babu | Rasa rabon nasara |
| Biya bayan fitowa | 200,000, a makare | Ƙila babu | Babu | Naira na cin sa | Fim ya ƙi fita |
| Kashi 10 na riba | 100,000 zuwa 1,700,000 | Babu | Mai wuya | Ya danganta da amana | Kumbura ɗawainiya |
| Kashi 3 na kuɗin shiga | 600,000 | 60,000 | Mai yiwuwa | Mai kyau | Ɓoye wasu hanyoyin shiga |
| Sallama da ƙari | 440,000 | 100,000 | Mai sauƙi | Matsakaiciya | Sauya tasha ko mataki mai nisa |

Duk tsarin da aka zaɓa, doka ba za ta rubuta wa mutum abin da bai rubuta wa kansa ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Beijing kan haƙƙin 'yan wasa a 2017, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta san da haƙƙin mai wasa. Amma ita kanta yarjejeniyar Beijing ta bar wa ƙasashe damar cewa haƙƙin ya koma hannun furodusa da zarar ɗan wasa ya yarda a ɗauke shi, sai in kwantiragi ya faɗi akasin haka. Mutanenmu suna jin nauyin neman takarda daga ubangida, kamar an ce ba a yarda da shi ba, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Shafi ɗaya ya isa: sunan fim da zangon da ake magana a kai, adadi da ranar biya, hanyoyin kuɗin da kaso ya shafa, yadda za a ga lissafi, shaidu biyu, da inda za a kai ƙara idan an saɓa, ko gaban dattawan ƙungiyar masu harkar fim irin MOPPAN ko kotu.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Wanda fim ne abincinsa na yau, yana da haya da kuɗin makaranta a gabansa, ko wanda fitowarsa ba ta wuce fage biyu ko uku ba, ya karɓi sallama kai tsaye, ya mai da hankali ga ganin an cika ta kafin a naɗe kaya. Haka ma wanda zai yi aiki da furodusan da bai sani ba, ko tashar da ba ta kai ga fara karɓar kuɗin talla ba, domin kaso daga abin da bai fara shigowa ba suna ne kawai.

Jarumi ko jarumar da sunanta ke jawo masu kallo, wadda za ta iya jiran wata shida ba tare da tukunyarta ta kife ba, kaso daga kuɗin shiga ya fi mata, da sharaɗin a buɗe mata ƙofar dubawa tun kafin a saki kashi na farko. Kaso daga riba kuwa na abokan tarayya ne na gaskiya, waɗanda suka zuba kuɗi ko kayan aiki, suke zaune a wurin da ake yanke shawarar abin da za a kashe. Wanda ba ya cikin ɗakin da ake lissafi kada ya karɓe shi, komai girman lambar. Biya bayan fitowa a bar shi ga taimakon ɗan'uwa ko aboki, inda mutum ya riga ya ƙudurta cewa ko ba a biya ba ya yafe.

Furodusan da jarinsa bai taka kara ya karya ba, amma yana so ya riƙe 'yan wasansa idan shiri ya kai zango na biyu da na uku, sallama da ƙari ne ya fi masa arha, domin rikicin da ke sa a kashe jarumi a tsakiyar labari a nemo wani yakan fi ƙarin tsada. Shi ne kuma ya dace da sabon ɗan wasan da aka ɗora wa fim a ka, wanda ba shi da sunan da zai nemi kaso babba, amma shi za a riƙa nunawa a hoton talla. Matashin unguwarmu a nan ya tsaya: an rage masa kashi ɗaya cikin uku na sallamar da aka fara yi masa tayi, an rubuta ƙari a kan kowane miliyan na kallo har tsawon shekara uku a duk tashar da fim ɗin ya sauka, kawunsa da mataimakin darakta suka sa hannu a matsayin shaidu, kowane ɓangare ya ɗauki hoton takardar a wayarsa.